Zaɓen Injin Tsaga Katako Na Tafi-Da-Gidanka A Kudancin Kaduna

Duk wanda ya fita daga birnin Kaduna ta Sabon Tasha, ya wuce mashigar matatar mai wadda aka buɗe a 1980, ya iso Mararaban Rido cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne yawan gine-ginen da suka kai linta suna jiran rufi. Wuri ne da ke karɓar mutanen da tsadar haya ta koro daga tsakiyar gari, kuma ta nan ne hanyar Kachia ta bi ta Kujama da Kasuwan Magani, har ta dangana da Zonkwa da Kagoro da Kafanchan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine yana buƙatar katakon rufi, da na ƙofa da taga, da kuma falankin da magina ke tare kankare da shi.

Shekaru da dama, akasarin katakon da ake aiki da shi a Arewa daga Kudu yake fitowa, watau daga manyan masana'antun Sapele da Benin da Okobaba ta Legas, a ɗoro shi bisa tireloli zuwa Kaduna da 'Yan Katako ta Sabon Garin Zariya da Na'ibawa ta Kano. Kuɗin dakon kuwa a kan mai gini yake ƙarewa. Saboda haka duk lokacin da man gas ya tashi ko hanya ta lalace, sai hankalin 'yan kasuwa ya koma kan itatuwan da ke kusa da gida, musamman na kudancin Jihar Kaduna, inda ruwan sama ya fi yawa kuma bishiya ta fi kauri.

A nan ne wata ƙaramar sana'a ta sami gindin zama, wato tsaga katako na ƙwadago. Mai wannan sana'a tamkar mai injin niƙa yake: hatsin ba nasa ba ne, ladan niƙa kawai yake karɓa. Manomin da ya shuka malaina a gefen gonarsa shekaru goma sha biyar da suka wuce, ko makarantar da iska ta kayar mata da tsohon maɗaci, ko al'ummar da ke son rufe masallaci ko coci da itacen da suka mallaka, su ne abokan cinikinsa. Bambancin kawai shi ne, hatsi ake kai wa injin niƙa, amma ɗanyen gungume mai kaurin ƙafa 2 da tsawon ƙafa 12 yakan kusanci tan guda, don haka injin ne ya kamata ya je ya same shi inda ya faɗi.

Kuskuren da masu shiga sana'ar suka fi yi shi ne su fara da tambayar sunan kamfani da ƙarfin doki nawa injin yake da shi. Waɗannan tambayoyi ne na ƙarshe. Na farko su ne: wane irin itace za a tsaga, yaya kaurinsa, a ina yake kwance, kuma wane ne zai wasa zarton idan ya dakushe? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya, zai ga cewa injin ya kusa zaɓen kansa.

Injinan da ake iya ɗauka zuwa daji iri uku ne. Na farko shi ne zarto mai sarƙa, wanda kowa ya san ƙararsa. Shi ne mafi araha, mutum guda zai goya shi a babur ya shiga da shi inda ko a-kori-kura ba ta shiga, kuma babbansa ƙirar Stihl 070 na Jamus ya daɗe da zama sarkin wannan aiki a duk Afirka ta Yamma. Kayan gyaransa na nan a kasuwa, makanikansa kuma ba su da wuyar samu. Illarsa ita ce ɓarna. Sarƙar tana cin kimanin milimita 8 zuwa 10 na itace a kowane yanka, fuskar falankin takan fito da kaushi da tudu da kwari, har kafinta ya sake fere wani abu mai yawa kafin ya sami abin yin kujera. Akwai wani firam na ƙarfe da ake ɗaura wa zarton don ya riƙa tafiya a miƙe, wanda ke gyara kaurin falanki ƙwarai, amma ba ya rage abin da sarƙar ke mayarwa dusa. Irin wannan ɓarna na daga cikin dalilan da suka sa ƙasar Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da zarto mai sarƙa a 1998, ko da yake dokar ba ta hana irin wannan katako ci gaba da cika kasuwanninta ba.

Na biyu shi ne zarto mai ɗamara. Siririn ƙarfe ne mai haƙora da aka haɗa bakinsa biyu ya zama kamar bel, yana zagaya ƙafafu biyu, kan injin kuma yana tafiya bisa dogo a kan gungumen da aka kwantar. Tsarinsa ɗaya ne da manyan injinan CD da ke girke a masana'antun da ake kira somil, sai dai wannan ƙarami ne, wani ma a kan tirela yake zuwa. Kamfanin Wood-Mizer, wanda aka kafa a birnin Indiyanafolis na Amurka a 1982, shi ne ya fi yaɗa wannan ƙira a duniya. Ƙaraminsa mai lamba LT15 yana ɗaukar gungume mai kaurin kimanin santimita 70, LT40 kuma har zuwa kimanin 90. A yau akwai ire-irensa ƙirar ƙasar Sin masu sauƙin kuɗi. Abin da wannan zarto ke ci a kowane yanka bai wuce milimita 2 ba, ko sama da haka kaɗan.

Na uku shi ne zarto mai faifai mai juyawa, wanda kamfanonin Lucas Mill na Ostareliya da Peterson na Niyu Zilan suka shahara da shi. Faifan yakan yi yanka a kwance idan an tura shi gaba, a juya shi ya yi yanka a tsaye idan an jawo shi baya, sai katako ya fita da kusurwarsa a gyare. Ana kwance injin gunduwa-gunduwa a loda a mota, a harhaɗa shi a kewaye da gungumen ba tare da an ɗaga gungumen ba. Faifan yana cin kimanin milimita 5 zuwa 6.

Waɗannan milimitoci sun yi kama da abin da bai taka kara ya karya ba, sai an zauna an yi lissafi. A ɗauki gungumen da aka gyara gefunansa huɗu, ya rage kaurin milimita 340, ana son a fitar da falanki mai kaurin inci guda, wato milimita 25. Zarto mai sarƙa da ke cin milimita 9 zai ba da falanki 10. Mai faifai da ke cin 6 zai ba da 11. Mai ɗamara da ke cin 2 zai ba da 12. Ke nan a kowane gungume irin wannan, falanki 2 ne ke zama dusa a hannun mai sarƙa. A gungume 50 kuwa, falanki 100 ke nan, abin da ya isa ya sauya lissafin ginin aji guda.

Sai dai akwai wani abu da dillalan injina ba su cika faɗa ba. A sana'ar ƙwadago, rarar falankin ta mai gungume ce, ba ta mai inji ba. Idan ladan da aka daidaita a kan gungume ne, ko a kan yini, to mai zarton ɗamara ya kashe kuɗi masu yawa ne kawai don ya amfani wani. Ribarsa ba ta fitowa sai idan ana biyansa a kan kowane falanki da ya fitar, ko kuma ana raba katakon tsakaninsa da mai itace bisa kason da aka amince. Don haka kafin mutum ya biya kuɗin inji, ya wajaba ya san yadda ake biyan lada a yankin da zai yi aiki, kuma ko mutanen wurin za su yarda su ƙara kuɗi saboda santsi da daidaiton kauri. Kafintocin da ke yin kujeru da gadaje a Kaduna suna iya ƙarawa, domin falanki mai kyau yana rage musu fira. Mai neman katakon da za a ɓoye a ƙarƙashin kwano kuwa, da wuya ya ƙara ko sisi.

Girman katakon da kasuwa ta saba da shi ma abin dubawa ne. A nan ƙasar ana cinikin katako ne da inci da ƙafa: 2 a 2, 2 a 3, 2 a 4, 2 a 6, da falanki 1 a 12, akasarinsu masu tsawon ƙafa 12. Injin faifai gwani ne a kan huɗun farko, domin kowane zuwa da dawowa katako guda ne gamamme. Amma zurfin yankansa yana da iyaka, inci 6 ko 8 ko 10 gwargwadon ƙirarsa, saboda haka ƙaraminsa ba zai fitar da falanki mai faɗin inci 12 ba sai an yi yanka biyu, ɗaya ta kowane gefe. Zarton ɗamara kuwa faffaɗan falanki shi ne abincinsa.

Batun wasa zarto shi ne inda jari da yawa ya nutse. Siririn zarton ɗamara ba ya jure aiki fiye da awa 2 ko makamancin haka kafin a cire shi a sa wani, a itace mai tauri ma bai kai haka ba. Bayan wasa haƙoran, dole a kuma karkata su, ɗaya hagu ɗaya dama, daidai gwargwado, in ba haka ba zarton zai riƙa yawo a cikin itacen, falanki ya fito kamar igiyar ruwa. Wannan aiki yana da na'urorinsa guda biyu, ta wasawa da ta karkatawa, kuma yana buƙatar hannu mai haƙuri. Mutumin da ya sayi inji da zarto 5 kacal, ba shi da na'urar wasawa, yana aiki a wani ƙauye bayan Kachia, zai iya cinye dukan zartunansa cikin kwana 2, daga nan sai zaman jiran mota zuwa Kaduna, ma'aikata suna cin abinci, mai gungume yana ƙorafi. Masu walda na kasuwar Panteka za su iya ƙera dogo da tirela da sauran ƙarafan jikin inji, amma ƙarfen zarton kansa daga waje ake shigo da shi, da kuɗin waje kuma ake sayensa.

Ta wannan fuska injin faifai ya fi sauƙin sha'ani. Haƙoransa 'yan kaɗan ne, na ƙarfe mai tsananin tauri, kuma ana wasa su a jikin injin cikin 'yan mintoci. Idan haƙori ya karye ne kawai ake neman gwanin da zai liƙa sabo. Sarƙa kuwa, da ɗan magagari a aljihu an gama.

Abokan gaban zarto a wannan yanki sanannu ne. Gungumen da aka ja a kan jar ƙasa yakan kwashi yashi da tsakuwa a ɓawonsa, kuma yanka guda a cikin irin wannan ɓawo ya isa ya kashe kaifin da aka yi rabin awa ana nema. Shi ya sa ɓare ɓawon ko wanke shi ba ɓata lokaci ba ne. Bishiyoyin cikin gari kuwa, irin su darbejiya da mangwaro, sau da yawa akwai ƙusoshi da waya da itacen ya haɗiye tun lokacin da aka kafa musu allo ko igiyar shanya. Mai hankali yakan faɗa wa mai itace tun kafin a fara cewa duk zarton da ƙusa ta lalata, a kansa yake.

Su kansu itatuwan kowanne da halinsa. A gandun dajin Nimbia da ke gabas da Kafanchan a kan hanyar Jos, wanda aka fara dasawa a 1957 kuma faɗinsa ya haura hekta 2,000, itacen tik da malaina ne suka fi yawa, kuma manoma da dama a yankin sun kwaikwayi dasa su. Malaina tana da laushi, kowane inji zai tsaga ta ba wahala, illa dai tana jinkirin bushewa. Tik kuwa, duk da darajarsa da yadda gara ke shakkarsa, yana ɗauke da wani sinadari mai kama da yashi a cikin jikinsa wanda ke cin kaifin zarto da sauri. Gumagumansa na shuka ba su cika kauri ba, kuma a ƙaramin gungume ne asarar sarƙa ta fi zafi, don haka wanda aikinsa zai fi yawa a gonakin tik da malaina, zarton ɗamara ya fi dacewa da shi, muddin ya tanadi kayan wasawa.

Itacen turare, wanda aka dasa da yawa a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna, yana da wata ɗabi'a ta lanƙwashewa da tsagewa da zarar an yanka shi, sai an riƙa jujjuya gungumen ana ɗiba ta kowane gefe. Loko, wanda ake samu a kurmin bakin rafuka wajen Kagoro da Jama'a, wani lokaci akan tarar da dunƙulen abu mai tauri kamar dutse a cikinsa. Manyan maɗaci da kawo da maje, waɗanda mutum biyu ba sa iya rungumewa, sun fi ƙarfin gadon ƙaramin zarton ɗamara, kuma ko da za su hau, ɗora su ba tare da na'urar ja ba hatsari ne ga rayuka. A nan injin faifai ya yi zarra, tun da shi ake kai wa gungume. Ƙirya kuwa, wadda ake sassaƙa turmi da ita, gara a bar wa masassaƙa abinsu.

Game da abin da zai juya injin, lantarki ya fi araha a aiki kuma bai cika lalacewa ba, amma yana ɗaure mutum wuri guda, yawancin irin waɗannan injina kuma layi uku suke buƙata. Wanda ya zaɓi haka ya bar sana'ar tafi-da-gidanka, ya koma ƙaramin somil, dole kuma ya yi lissafin janareto da motar ɗauko gumagumai. Injin fetur ya fi sauƙin nauyi da sauƙin saye, sai dai tun bayan janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ta ci gaba da hawa daga baya, tsohon lissafin ya rushe. Wannan ya fi shafar zarto mai sarƙa, wanda ke shan fetur gauraye da baƙin mai, ga kuma man shafa wa sarƙa. Injin gas ya fi tsada da nauyi, amma ya fi jimiri a doguwar rana. Kowanne aka zaɓa, abin lura shi ne ko makanikin Kachia ko na Kafanchan ya taɓa buɗe irinsa.

Faɗuwar darajar Naira ita ma ta sauya al'amura. Dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yuni na 2023, ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Duk injin da aka shigo da shi, da zartunansa da boris da bel, sun bi wannan hanya. Wannan ya sa mutane da yawa suka karkata ga na hannu ko ƙirar Sin. Babu laifi a cikin haka, in dai an duba cewa dogon a miƙe yake, ƙafafun da zarto ke zagayawa ba sa rawa, kuma tsawon zarton da injin ke ci irin wanda ake samu ne a kasuwa, ba wanda sai an yi odarsa musamman ba. Haka kuma bai kamata kuɗin inji ya cinye jarin duka ba, domin akwai motar ja, da zartuna na ajiya, da ladan mataimaka aƙalla biyu, da ƙaramin zarto mai sarƙa wanda ko mai babban inji ba ya rabuwa da shi wajen gunduwa da sare rassa. Masu neman rance a Bankin Masana'antu ko Bankin Manoma, wanda hedkwatarsa ke Kaduna, za su tarar cewa rajistar kasuwanci da rubutaccen lissafi su ne abin da ake fara tambaya.

Akwai kuma doka. Harkar gandun daji a Nijeriya tana hannun gwamnatocin jihohi ne, kuma sare itacen katako da safararsa suna buƙatar takardar izini daga ma'aikatan gandun daji. Cewa itacen ba na mai inji ba ne ba zai hana a kama injin ba idan aka same shi a kan gungumen da aka sara ba bisa ƙa'ida ba, saboda haka ganin takarda kafin a tayar da inji kariya ce ga jari. Darasin maɗobiya bai yi nisa ba. Bayan rububin fitar da ita zuwa ƙasar Sin ya kusa share ta daga dazuzzuka da dama na ƙasar nan, an sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe daga farkon 2017, kuma a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. A taron Panama na 2022 an ƙara maɗaci da kawo na Afirka cikin jerin. Wannan ƙa'ida ta shafi fitarwa waje ne, amma tana nuna inda aka dosa: wanda ya sayi babban inji da zummar manyan itatuwan daji, ya gina sana'arsa a kan abin da ke ƙarewa, alhali tik da malaina da turare ana iya sake dasa su.

Yanayi da tsaro su ma suna da hannu a zaɓen. Daga Yuli zuwa Satumba hanyoyin ƙauyuka da yawa ba sa biyuwa da tirela, ga shi kuma yankunan Chikun da Kajuru da Kachia sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga a shekarun baya. Hatta Kwalejin Tarayya ta Koyar da Aikin Injinan Gandun Daji da ke Afaka, wadda ita ce wuri mafi kusa da matashi zai nemi ilmin wannan fanni, an sace ɗalibanta 39 a watan Maris na 2021. Injin da za a iya kwancewa a loda cikin awa guda a kwana da shi a gari, ya fi wanda sai ya yi mako a daji.

Abin da ya rage bayan yanka ma kuɗi ne. Masu kiwon kaji na sayen dusar katako don shimfiɗa, masu gidajen burodi na sayen ɓawo da gefuna don tanda. Falankin da aka tsaga ɗanye kuwa, in ba a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa ba, hunturu zai murɗe shi cikin makonni kaɗan, kuma mai inji za a zarga, ba iska ba.

Hanyar da ta fi tabbas wajen gwada inji kafin a biya kuɗi ita ce mai saye ya je da gungumensa, ba wanda dillali ya tanada ba, kuma ya zaɓi na tik ko na turare mai ɓawo kamar yadda zai same shi a gona. A tsaga shi a gabansa, ya duba agogo, ya auna man da aka sha, sannan ya sa ma'auni a kan kowane falanki a wuri uku, wato baki da tsakiya da ƙarshe. Idan falanki na goma bai yi daidai da na farko ba, sai ya nemi a nuna masa yadda ake sauya zarton, da inda ake wasa shi, da kuma kuɗin guda goma.